Dokar Adashen Umma

Ummata nas ce a asibitin koyarwa, kuma ita ce uwar adashen layinmu a Gyaɗi-Gyaɗi. Kafin ta karɓi mace sai ta yi mata tambayoyin da ko ɗan sandan ciki sai ya roƙi ta koya masa. Ba ruwanta da yawan samunki, inda yake fitowa take bi. Dokarta ita ce masu cin albashin gwamnati kada su haura rabi. Sauran sai tela, mai kitso, mai awara, da wata Kirista da muke kira Maman coci mai shagon kayan miya a kasuwar Tarauni. Takan ce ranar da albashi ya makara, kowa zai makarar wa lokaci guda, adashe ya kife a kan wadda ba ta kwasa ba.

Da mulki ya dawo hannun farar hula aka ƙara albashi, ma'aikata suka yi mana ca. Har wani salo ya ɓullo: mace ta sayar da kwasarta tun ranar ba ta zo ba, mai sayen ya jinginar wa dillalin babura. Umma ta soke shi a zama ɗaya, ta ce hannun da ya zuba shi zai kwasa.

Ana shirin sabon zagaye sai ga aminiyarta da muke kira Anti, ita ma nas, tana son shiga don ta rufe gininta na Hotoro kafin damina. Gurbin ma'aikata ya cika, Umma ta ce a'a. Anti ta tuna mata goyona da ta yi, da jinyar Baba, har da wani ƙosai da ta taɓa saya mata suna ɗalibai, ta ja mayafi ta fice. Ta ɗauke ƙafa, dambun naman da take kawo mini ya yanke, na rame har iska tana canza mini hanyar makaranta. Umma kuwa duk shirmena ya kasa sa ta dariya.

Na ce ai dokar tata ce, ta ɗan lanƙwasa mana, wa zai sani? Ta ce ita.

Ranar zubin farko Umma ta aika aka kira Anti. A gaban mata ta ce ta janye hannunta, Anti ta maye gurbin, ita riƙo kawai za ta ci gaba da yi.

Anti ta ce, "Ke da kike tarin kuɗin firji?"

"Randata ba ta fashe ba," in ji Umma. "Zauna, kin tsaya mini a ka."

Anti ta zauna tana mitar taurin kan Umma, ta jawo kwanon abincin da ke gaban Umma ta sa hannu.