Wutsiyar Dila a Tashar Jidda

Har yau ban manta da safiyar da Baba Haruna ya shigo ofishinmu na fassara da ke unguwar Misfala, kusa da Harami, riƙe da takarda a cikin leda ba. Watan Shawwal ne. Baba Haruna tsohon kafinta ne mai gyaran ƙofofi da tagogin katako na tsofaffin gidaje, kakanninsa daga Kano suka zo. Wani abokinsa Bajamushe, shi ma kafinta, wanda ya musulunta, ya rasu ya bar masa wasiyyar akwatin kayan aikinsa. Ɗan marigayin ya aiko da jerin kayan da Jamusanci, kamfanin da zai ɗauko su kuwa ya ce sai da Turanci.

Ni kaɗai nake jin Jamusanci a ofishin, na koye shi a shekarun da na yi ina hidimar alhazan Jamus a Mina. Gaskiya a lokacin kaina ya ɗan kumbura. Na karɓi takardar na ce, "Baba, sha shayinka, kafin ka gama na gama."

Ga wanda bai san tsarin ba: mu muke fassara jerin, mudir, wato shugaban ofis, ya buga hatimi, kamfanin ya kwafe shi a takardun kaya, kwastan kuma su gwada abin da ke rubuce da abin da ke cikin akwati. In suka saɓa, kaya ba sa fita.

Guduma da ƙusa ba su ba ni wahala ba. Sai na iso kan Fuchsschwanz. Kalma biyu ce a haɗe, dila da wutsiya, na rubuta wutsiyar dila da Turanci. Na gaba Geißfuß, ƙafar akuya, ita ma na rubuta yadda na gan ta. Har na raya a raina cewa Turawa na share ƙurar katako da wutsiya. Ban tambayi kowa ba.

Bayan sati biyar mai fitar mana da kaya a tashar jiragen ruwa ta Jidda ya kira mudir. An riƙe akwatin. Takarda ta nuna akwai sassan dabbobi, don haka ana neman shaidar likitan dabbobi, in babu, za a mayar da shi inda ya fito. Kwana huɗu aka ba mu.

Mudir ya kira ni ya ajiye takardar a gabana. "Ya Abubakar, esh hada, mene ne wannan? Kafinta ne ko mahauci?"

Na ce kuskurena ne. Ya ce, "Tayyib. Ka rubuta haka da hannunka, ka kawo fassarar da ta dace. Sai na ga hoton kowane abu kafin in sa hatimi."

Na ji kunya ƙwarai, amma abin da ya fi damuna shi ne fuskantar tsohon. Na same shi a shagonsa bayan la'asar na faɗa masa komai. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ɗana, ka taɓa riƙe zarto?" Na ce a'a. Ya ce, "To zauna."

Ɗan marigayin ya turo hotunan kayan ɗaya bayan ɗaya, kowanne da sunansa. Wutsiyar dila ashe zarto ne na hannu ɗaya, mai faɗi a gindi, siriri a kai. Ƙafar akuya kuwa ɗan ƙarfen sassaƙa ne mai baki a rabe kamar kofato, da shi ake zana layi a jikin katako. Baba ya riƙa ɗauko makamancin kowanne a shagonsa yana nuna mini aikinsa, ni kuma ina neman mai irin wannan aikin a kundin masu sayar da kayan kafintoci na Turanci. Kwana biyu muka yi a haka. Na tarar da wasu kurakurai uku da ba wanda ya lura da su, ciki har da wani katakon tallafe allo da na fassara da bara, wato yaron gida.

A rana ta huɗu aka karɓi gyaran, aka saki akwatin. Ni na rako shi har shagon. Baba ya buɗe, ya ɗauko zarton, ya zura hannunsa a mariƙin da ya sha riƙo har ya yi sulɓi.

Can ya ce, "Sau uku marigayin ya zo Hajji, kullum nan yake wuni. Ba ya jin Hausa, ba ya jin Larabci, ni ba na jin yarensa. Da waɗannan muke hira." Ya share idonsa da gefen mayafin kansa.

Na tsaya da ƙamus ɗina uku a jaka ina kallonsa. Tun ranar, in takardar masu sana'a ta zo teburina, sai na je na zauna da mai riƙe kayan kafin in rubuta harafi ɗaya.