Goben Baba Tela

Duk wanda ya taɓa kai wa Baba Tela ɗinki ya san hannunsa yana da kyau, ya kuma san bakinsa ba ya riƙe alkawari. Shagonsa ɗan ƙarami ne, tsakanin mai walda da mai sayar da fenti, rabinsa yadukan mutane ne jibge a kan kanta har kusa da rufi. Da ya hango mai kaya ya shawo kwana, sai ya zaro yadinsa, ya cusa ƙarƙashin allura, ya hau taka keke kamar tun asuba yake kai.

"Ka ga ma a kan naka nake," zai ce ba tare da ya ɗago ba. "Wuya kawai ya rage. Gobe da yamma."

Kowa ya san wasan, amma ba wanda ya daina zuwa, domin goben Baba Tela doguwa ce amma tana zuwa. Tsawon shekarun da ya yi a kan keken nan, ko ƙyalle bai taɓa ɓatar wa wani ba. Da wannan sana'ar ya ciyar da gida, ya aurar da yara, har furfura ta cika masa kai.

Sai ido ya fara yi masa gardama. Likita ya ce yanar ido ce take rufe shi a hankali, nan da 'yan shekaru sai an yi aiki an cire ta, ya kuma faɗi kuɗin da ya sa Baba Tela ya gyara zama. A satin ya shiga ƙungiyar gama-kai ta masu sana'a, wadda ake zubi duk mako, bayan shekara biyar mutum ya kwashi kuɗinsa da riba a kai. Shi da bai taɓa cika alkawarin ɗinki a ranarsa ba, zubi ko ɗaya bai taɓa tsallakewa ba. Matarsa takan ce da haka yake wa masu kaya, da tuni an yi masa sarauta.

Ranar da wa'adi ya cika ya sa rigarsa ta fita, ya hau benen da ofishin ƙungiyar yake. Ɗaki ɗaya ne, da teburi, da fankar da ba ta juyawa, da dogon benci a jikin bango. Yana sallama, sakataren ƙungiyar, wani saurayi siriri, ya zaro fayil ɗinsa ya buɗe a kan teburi, ya ɗauki biro.

"Baba, ka ga ma a kan naka nake. Sa hannun shugaba kawai ya rage. Leƙo gobe."

Da ƙyar Baba Tela ya danne dariya. Maimakon gabansa ya faɗi, sai ma ya ji hankalinsa ya kwanta. Ya koma gida ya ce wa matarsa, "Yaron nan ɗan hannu ne. Kamar a shagona ya yi koyo."

"To Allah ya sa, Malam," in ji ta. "Ni dai ido nake ji."

Gobe ta zama mako, mako ya zama wata. Wani lokaci shugaba ya yi tafiya, wani lokaci banki ne bai saki kuɗi ba. Bencin ya cika da masu jira irinsa, aka fara ɗaga murya. Mai walda, wanda shi ma kuɗinsa suka maƙale, ya tara mutane za su kai ƙara hukumar da ke sauraron ƙorafin masu ajiya. Ya leƙo shagon da baƙin gilashinsa a goshi.

"Baba Tela, taso ka sa sunanka. Mutanen nan sun cinye mu."

"Kai dai yaro ne," in ji Baba Tela. "Ni na san wannan harkar ciki da waje. Mutum in ya ce maka gobe, kunya ce ke cinsa, ba ƙeta ba. Ka bar shi ya numfasa, zai yi."

Akwai kuma abin da bai faɗa ba. Sau ɗaya a rayuwarsa wani mai kaya ya taɓa kai shi ƙara a kan riga, kuma har yau in ya tuna tsayuwar da ya yi a gaban hukuma sai ransa ya ɓaci. Bai ga yadda zai yi wa ɗan mutane haka ba. Mai walda ya girgiza kai ya fita.

Ya ci gaba da hawa benen, yana dafa bango, yana lalube matakala da ƙafa. Idon hagu ya riga ya tafi, na dama kuma yana ganin mutane kamar ta cikin gilashin da ba a goge ba. Matarsa ta fara biyo shi shago tana zura masa zare a allura, in ya tsinke ya kira ta. Ya ɗinka wa wani shuɗin yadi da baƙin zare, ya juya wa wata hannun riga. Gajiya ta kama shi, irin wadda barci ba ya maganinta.

Bayan dogon zama, hukumar ta sa aka sayar da fili da motar ƙungiyar, aka raba wa waɗanda suka kai ƙara. Mai walda ya samu kusan rabin kuɗinsa. A lokacin ne Baba Tela ya yarda matarsa ta riƙe masa hannu suka je. Matar da ke karɓar ƙorafi ta duba katin zubinsa, ta dube shi.

"Baba, ina kake tuntuni? Zan rubuta ka, amma gaskiya ba abin da ya rage da za a sayar."

Duk da haka ya sake hawa benen sau ɗaya. Ya tarar ana kwashe kaya, mai gidan yana son ɗakinsa. Sakataren na tsaye a tsakar ɗaki, shi ma wata da watanni ba a biya shi albashi ba.

"Ɗana, tsakaninka da Allah," in ji Baba Tela, "ranar farko da ka buɗe fayil ɗina, akwai kuɗin?"

Saurayin ya sunkuyar da kai. "Babu, Baba. Tun kafin nan babu."

"Ni in na ce wa mutum gobe, ai yadinsa yana nan a kan kanta," in ji Baba Tela a hankali. "Na ɗauka kowa haka yake."

Ba su yi faɗa ba, ba mai ƙarfin yi. Saurayin ne ma ya riƙe shi suka sauko.

Washegari da hantsi yana zaune a gaban keke, ya ji sallamar wata mata da ta kawo yadin kayan makarantar 'ya'yanta tun watan jiya. Hannunsa ya tafi kan kanta da kansa, ya zaro yadi, ya cusa ƙarƙashin allura.

"Baba," in ji matar, muryarta ƙasa-ƙasa, "wannan ba nawa ba ne. Nawa fari ne."

Ya shafa yadin da ke hannunsa. Bai san kalarsa ba. Ya sauke ƙafarsa daga kan keke, ya ce wa matarsa ta nemo farin, ta haɗa da kuɗin da aka bayar na kafin alƙalami. Ya ninke yadin da kansa, gefe da gefe, ya miƙa wajen da yake jin numfashin matar.

"Kai wa telan da ke bakin titi, 'yata. Yana da hannu."

"Haba Baba, ba komai. Sai in dawo gobe."

"Kada ki dawo," in ji shi.

Da ta tafi, ya ce wa matarsa ta fara sauko da na saman kanta. Tana faɗa masa kalar kowane yadi, shi kuma yana faɗa mata mai shi da gidan da za a kai.