Gidan da Na Zana da Muciya

Maigidana mahauci ne. In ka ga yadda yake kayar da sa a kwata, sai ka ce babu abin da zai girgiza shi a duniya. Ashe ƙarfin nasa duk a jikin bango yake. Ban sani ba sai shekarar da harbi ya kore mu daga Milezi, unguwarmu a Njamena, muka tsallaka kogi zuwa Kuseri a kwalekwale, don lokacin ba a yi gadar Ngueli ba.

Aka zube mu a fili fetal, mu da jama'ar Annabi, inuwarmu tamfol ɗaya a kan sanduna. Ni da yara nan da nan muka saba, mace ai in ta samu duwatsu uku ta yi murhu. Shi kuwa bawan Allah sai ya lalace. Ba ya cin abinci, wai idon mutane a kansa. Ba ya kishingiɗa, wai magidanci ba ya miƙe ƙafa a kasuwa. A tsaye yake wuni, hannu a baya, yana kallon hayaƙin da ke tashi daga Njamena.

Sai babbar 'yata ta tsegunta mini cewa ta gan shi a bakin ruwa yana shawara da wani mai kwalekwale. Komawa zai yi, ya je ya zauna a zaurensa, a unguwar da ko karnuka sun yi hijira. Na yi faɗa, na yi kuka, na haɗa shi da Allah. Ya ce, "Ke, nan ba wuri ba ne. Mutum ba ya zama inda babu ciki babu waje." Na tsorata ƙwarai, don wajen kafiya ko jaki albarka.

Don haushi na ɗauki muciya na shiga jan layi a ƙasa. Nan zaure, nan tsakar gida, nan madafi, nan turakarsa, daidai yadda suke a Milezi. Na jera fasassun tubala a kan layin, na bar giɓi na ce ƙofa ce. Na tara yara na ce duk wanda ya tsallaka mini bango sai na karya ƙafarsa. Autana zai sha ruwa, ga randa a gabansa, sai ya zagaya ta ƙofar ɗaki yana ƙunƙuni.

Maƙwabta suka ce yaƙi ya taɓa matar mahauci. Su suka sani. Na samu wani dattijo Bashuwe da ke kusa da mu, mayen shayi, na ce, "Baba, ka zo ka yi mana sallama a ƙofa, shayinka a wuyana." Ya zo ya tsaya a giɓin, ya yi gyaran murya, ya rangaɗa sallama, alhali ga maigida tsaye a gabansa. Maigida ya dube shi, ya dube ni, kallon mahaukata. Amma sallama ba a ƙin amsa ta, baƙo kuma ba a barinsa a tsaye. Maigida ya ce, "Faddal," wato bismillah, ya shimfiɗa tabarma a zaure, suka zauna.

Wasa-wasa zaure ya cika. Maza su zauna suna hira, sun ba tsakar gida baya. Ina daka a bayan dattijon, har dussa na tashi ta faɗa masa a rawani, sai in ji yana cewa, "Mutanen gida lafiya? A isar musu da gaisuwa." Maigida ya fara aika yaro ciki ya ɗauko abinci, kuma kwano ya dawo a suɗe. Har ya fara ƙorafi wai na matse masa zaure, ya tashi ya matsar da tubala da kansa. Ranar da akuyar mutane ta shigo ta bango, ya bi ta yana kora, ya ƙi yarda ta fita sai ta ƙofa.

Duk da haka ƙunshin kayansa na komawa gida yana nan a ɗaure a turaka, ni kuma kullum idona a kansa.

Wata safiya sai ga mai kwalekwalen nan. Ya ga yadda kowa ke yi, shi ma ya tsaya a giɓin ya yi sallama, ya ce yau ruwa babu sojoji, in za a tafi a tafi. Maigida yana kishingiɗe a turaka, kowa na ganinsa. Sai ya kira 'yarsa a hankali ya ce, "Je ki ce masa maigidan ya shiga ciki. Ba zai fito ba."

Yarinya ta bi ta tsakar gida, ta bi ta zaure, ta durƙusa ta isar da saƙo. Mutumin ya dubi maigida ta saman tubala, ya sosa ƙeya, ya ce, "To, in ya fito a gaishe shi."

Na shiga madafi na zauna na yi kukana son raina, kuma duk jama'ar filin nan babu wanda ya gan ni.