Dogon Da Ke Ɗaukar Mana Hoto

Shekarun baya, lokacin da masu satar mutane suka hana hanyoyin ƙauye sakat, wasu ɗaliban jami'a suka riƙa zuwa gidana a Tudun Wada. Ni ban yi boko ba, amma duk layinmu an san ni da ido. Ko kaza ce ta ratsa zaurena, na san ta gidan wa ce. Haka dai nake yabon kaina a lokacin.

Wadda ta kawo su 'yar aminiyata ce, tana karatun injiniya. Ta durƙusa ta ce, "Inna, aiki aka ba mu a makaranta. An ce mu ɗauki matsala guda ta tsaron ƙasa mu nema mata magani, irin yadda ake kafa ƙaramar sana'a. Ba zama za mu yi a aji ba. Fita za mu yi mu tambayi waɗanda abin ya shafa, mu haɗa ɗan samfuri, mu gwada. In ya ƙi, mu sake."

Na ce, "'Yar nan, ai haka mai ƙosai take yi tun kafin a haifi uwarki. Sai yanzu labari ya iso jami'a?"

Abin da suke son haɗawa wata 'yar na'ura ce kamar kwalin ashana. A ɓoye ta cikin mota, in an tare mutum a daji ya taɓa ta da diddige, sai saƙo ya je wa jami'an tsaro da inda yake. Shi ya sa suke neman ɗana, wanda ke zuwa kasuwannin ƙauye sayen masara da a-kori-kurarsa.

Su huɗu suka shigo. Ita, da wani mai tabarau, da wani gajere mai surutu kamar rediyo, sai wani dogo mai farar hula. Dogon ne ya karɓi tabarma daga hannuna ya shimfiɗa, yana cewa, "Haba Inna, muna nan ki duƙa?" Na ce a raina wannan ya samu tarbiyya. Ba ya tambaya, ba ya sa baki. Yakan zauna daga bakin ƙofa yana saurare. In an gama, da yake malaminsu na son shaidar sun zo, sai ya miƙa hannu ya ce, "Kawo wayar in ɗauke ku."

Tambayoyin ne ba su kwanta mini ba. Wace rana kake fita? Ta wace hanya? Wa ke raka ka? Ina kake tsayawa ka yi sallah? Shi kuwa ɗana, an samu masu sauraro, sai zuba yake yi kamar buhun da ya fashe. Na ce musu, "Irin tambayoyin nan masu kai wa 'yan daji rahoto ke yi." Yarinyar ta rantse maganar ba za ta wuce su da malaminsu ba. Na bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Dogon ya sunkuyar da kai cike da kunya, hankalina ya kwanta.

Sun sha wuya wajen haɗa samfurin nan. Na farko rana ta narkar da shi. Na biyu ya kama ƙara a mahaɗar Kwangila ba wanda ya taɓa shi, har 'yan acaɓa suka taru. Na ukun ne ya yi. Suka ɓoye shi ƙarƙashin kujerar direba, dogon na riƙe musu kujerar. Aka yanke cewa ranar kasuwa mai zuwa ɗana zai tafi da shi gwajin gaske.

Ana gobe tafiyar, bayan la'asar, sai ga su su uku. Na riga na zuba dambu kwano huɗu. Na ce, "Ina dogon naku? Ko ya raina girkina ne?"

Gajeren ya ce, "Wane dogo, Inna?"

"Mai farar hula."

Yarinyar ta yi dariya. "Ai ke za mu tambaya. Ba ɗan gidan nan ba ne?"

Na ajiye ludayin.

Mai tabarau ya ce, a hankali, "Ranar farko muna sauka daga keke ya tare mu a bakin titi. Ya ce ke kika aiko shi ya shigo da mu."

Na ce, "Ban aiki kowa ba."

Ba wanda ya taɓa dambun nan. Suka buɗe wayar muka bi hotunan. Ga ni, ga ɗana, ga su ukun, ga motar. Babu shi ko a guda, sai a wani da inuwarsa ta faɗo doguwa a kan tabarma. Ba wanda ya san sunansa, kowa Malam yake ce masa. Na aika aka tambayi maƙwabtan da ɗaliban suka shiga gidajensu. Duk suka ce sun ɗauka ɗalibi ne.

Da ɗana ya dawo na ce, "Gobe ba inda za ka."

Ya ce, "Inna, na yi alkawari da mutane. Allah ne ke tsarewa."

Na ce, "Shi ne ya ba ka uwa. Miƙo makullin motar."

Mutum da gemunsa da 'ya'yansa, amma ya miƙo. Na ƙulle shi a haɓar zanina.

Washegari ya wuni a tsakar gida yana huci, yana cewa tsufa ya fara sa ni tsoron inuwa. Ni ma har na fara jin kunya. Wataƙila ɗan zaman banza ne mai son dambu. Ana gab da kiran azahar, rana tsaka, wayarsa ta yi ƙara. Baƙuwar lamba ce. Ya ɗauka ya buɗe murya, don hannunsa da ruwan alwala.

"Alhaji, shiru ba mu gan ka ba. Lafiya dai?"

Muryar dogon nan ce mai ladabi. A bayanta ba ƙarar mota, ba hayaniyar gari, sai kukan kurciya.

Ɗana ya dubo ni. Muryar ta ce, "To, ba komai. A gaida Inna." Aka kashe.

Ɗaliban suka kai maganar ga malaminsu, shi kuma ya kai inda ya dace. Aka zo aka yi mana tambayoyi, aka cire na'urar. Ɗana ya daɗe bai sake bin hanyar nan ba. Yaran ba su bar aikin ba, amma yarinyar ta ce mini yanzu duk gidan da suka shiga, kafin a zauna, sai su nuna mutanensu, masu gida su nuna nasu. Dogon kuwa ba a sake ganinsa ba.

Da a ce ya zo da muguwar fuska, da tun a zaure na kore shi. Da ladabi ya shigo, ya zauna tsakanin mutane biyu masu jin nauyin juna. Su suna kunyar tambayar ɗan gidana, ni ina kunyar tambayar baƙona. Yanzu na ajiye wannan kunyar. Jikokina na cewa na cika tsanani, su ta shafa. Har yau in baƙo ya miƙo hannu zai karɓi tabarma, ba na saki sai ya faɗa mini ɗan wane ne, kuma wani a wurin ya ce haka ne.