Kwaɗo da Rigar Leda

Kwaɗo ake ce masa a wurin wankin mota, don ba a taɓa ganinsa a bushe ba. Shi kuwa ko a jikinsa. In ka kira shi Kwaɗo zai amsa maka da ƙarfi, har ya tambaye ka ko motarka na buƙatar wanka.

Mutumin nan tun da aka haife shi bai taɓa yin gumi ba, ko ɗigo. Yana wata huɗu ya sume a bayan Inna da tsakar rana, jikinsa zafi rau kamar dutsen guga, fatar kuma a bushe ƙayau. Likita ya ce haka Allah ya yi shi, jikinsa ba ya fitar da zufa, don haka zafin da ya shiga ba shi da hanyar fita. Ya ce a ajiye shi a inuwa iya rayuwarsa. Inna ta ce ita ba kayan ado ta haifa ba. Ta jiƙa zani ta goya abinta, ya bushe ta sake jiƙawa, haka har ya yi ƙafa. Doka ɗaya ta kafa masa: kada ya jira jiri, da ya ji kunnuwansa sun ɗau zafi ya nemi ruwa.

Da ya girma ya gwada ɗinki, rufin kwanon shagon ya kore shi. Ya gwada dako, aka kwaso shi ranga-ranga. Sai ya zauna ya yi wa kansa tambaya: wace sana'a ce ake yini cikin ruwa ba mai cewa ka haukace? Shi ke nan, ya sayi bokiti da soso. Shekara ashirin da biyu yana nan, mota kwano biyu, kansa kwano ɗaya. Direbobi sukan ce shi mota ce marar lagireto, ya ce ya ji, amma wa ya taɓa ganin an tura shi?

Ana haka wurin ya canza hannu, aka kawo sabon manaja, mai son tsari. Ba mugu ba ne, wallahi, yana dai ganin ma'aikaci jiƙe sharkaf abin kunya ne a gaban masu manyan motoci. Ya sayo wa kowa rigar leda mai haɗe da wando, shuɗiya, da zif har wuya. Sauran ma'aikata suka yi ta murna, sun huta da mura. Kwaɗo ya juya tasa ya ajiye.

“Ranka ya daɗe, wannan ba riga ba ce a wurina, tukunya ce.”

Manaja ya ce, “Malam, kowa ma yana jin zafi. Ko ka sa, ko ka ba wani wuri.”

Ran Kwaɗo ya ɓaci ƙwarai, amma mata da 'ya'ya uku da tsohuwa suna gida, duk wannan soson suke kallo. Ya zura rigar, ya ja zif, ya kama wata farar mota. Kafin ya gama tayoyi kunnuwansa sun ɗau zafi. Kafin ya kai gilashi ƙasa ta fara lilo. Bai jira ba. Ya fizgo tiyo ya cusa ta wuyan rigar, ya buɗe famfo. Leda ta kumbura, ruwa na tsiyaya ta ƙafafun wando, direbobi suka tuntsire da dariya.

Manaja ya taso a fusace. “Wane irin wulaƙanci ne wannan?”

Kwaɗo ya kamo hannunsa ya ɗora a kan goshinsa, inda ruwan bai kai ba. Manaja ya janye da sauri.

“Ka ji ko? Minti goma ke nan.”

Manaja ya dubi hannunsa, ya dubi sauran ma'aikatan da ke kallo. Sannan ya ce in ya ɗaga wa mutum ɗaya, gobe kowa zai zo da nasa uzurin.

“To, madalla,” in ji Kwaɗo. Ya tuɓe rigar, ya ninke ta tsaf, ya miƙa. “A ba mai gumi.” Ya cika tsohon bokitinsa ya juye a ka, don gida da nisa kuma rana ta take. Ya sake cikawa ya ɗauka. Mai farar motar ya biyo shi har bakin ƙofa yana tambayar inda zai same shi gobe. Ya ce duk inda ya ga famfo, ya duba.

Inna na zaune a ƙofar ɗaki ta gan shi ya shigo da azahar, lokacin da bai saba dawowa ba. Ya durƙusa zai fara bayani, ta ce ya dakata. Ta miƙa hannu ta taɓa wuyansa, kamar yadda take yi tun yana goye. Ta ji sanyi.

“Alhamdulillahi,” ta ce. “Yanzu faɗa mini sauran.”