Ranar da Aka Yi wa Kawu Sale Guɗa

Wata Laraba ce da hantsi, a kakar da na shiga aji huɗu, muna tsinkar gyaɗa a bayan gida sai hayaƙi ya turnuƙe daga ɗakin ajiyar Alhaji Bala, inda ake jibge taki da maganin feshi. Hayaƙin nan, wallahi ko ungulu ce ta ratsa shi sai ta faɗo a gashe. Muka watsar da kwanduna muka ruga, mata na ta jido ruwa daga rijiya.

Kafin motar 'yan kwana-kwana ta iso daga birni, har awakin garinmu sun gaji da tari. Cikin waɗanda suka diro akwai Kawu Sale, ƙanin Innarmu, mutumin da in ya kira sallah a garinmu sai an tashi alwala a Makoda. Mu yara ji muke da shi. In an tashi makaranta mukan shafa baƙin tukunya a fuska, mu riƙe karan dawa a matsayin mesar feshin ruwa, kowa na rantsuwa shi ne Kawu.

Ya ciro abin rufe fuskarsa na numfashi zai ɗaura, sai ogansu ya ɗaga murya: "Jama'a, amarya ta yi lulluɓi! A yi mata guɗa!" Ƙartin maza suka kama hanci suka rangaɗa guɗa. Ashe al'adarsu ke nan a wurin aiki: duk wanda ya rufe fuska matsoraci ne, sai ya shekara ana kiransa amarya, ko kwano ba a haɗawa da shi. Kawu ya dubi mutanen da suka san shi tun yana yawo ba wando, ya jefa abin cikin mota, ya faɗa ɗakin haka nan.

An kashe wutar, shi kuma ranga-ranga aka fito da shi. Ogan har da dafa masa kafaɗa: "Yau ka cika namiji." Namijin me? Mutumin da ke gama kunya goma kafin wani ya gyara riƙon fartanya ya koma ba ya kai masallaci sai ya huta a gindin darbejiya. Inna takan ce, "Ba wuta ce ta ci ɗan'uwana ba, bakin abokan aikinsa ne."

Yau na tara tumbi da furfura, ni ne mai ba majalisarmu dariya, amma in aka fara zolayar mai kiyaye ransa sai in ɗauki takalmina. Ogan ya yi ritaya garau, don shi daga gindin mota yake ba da umarni. Kawu yana nan a zaure, in zai amsa mini sallama sai ya raba ta biyu ya huta a tsakani. Su sun daɗe da manta wasan. Shi kowane numfashi sai ya tuna masa.