Sunan Da Na Yi Wa Kwalliya

Bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin raƙuma sun fi motoci yawa a hanyar Arfa, ni saurayi ne mai ɗinkin hula a Makka. Ina ji da allurata ƙwarai, duk zanen da na gani sai na ce zan fi mai shi.

Ana gab da aikin Hajji wata dattijuwa 'yar ƙasar Sin ta zo da mijinta, wanda tsufa ya rikita har ba ya iya faɗin sunansa. Da guntun Larabcinta ta roƙi in ɗinka sunan a jakar da zai rataya, don in ya ɓace 'yan ƙasarsu su karanta su yi cigiya. Ta zana mini shi da gawayi. Na juya shi sama da ƙasa, na rasa ta inda ake farawa: ba alif ba ba'un, sai 'yan sanduna da ɗige-ɗige. Wannan kuma yaya ake karanta shi? A idona dai zanen hula ne da bai daidaita ba, hagu a tsuke, dama a cike. Sai karambani ya ja ni na ƙara wa hagun sanda biyu, na cire wani ɗigo da na ɗauka datti ne. Ta karɓa cikin sauri ba ta duba ba.

A Arfa tsohon ya ɓace. 'Yan ƙasarsu sun tsince shi, suka karanta jakar, suka yi ta kiran wani suna daban. Ta ji kiran da kunnenta, ta wuce tana kuka. Sai a Mina aka haɗa su, rana ta riga ta gasa shi, kuma bai sake tashi ba.

Da ta dawo da jakar ba ta zage ni ba. Ban iya haɗiye tambayata ba, na ce yaya sanda biyu da ɗigo ɗaya za su yi haka. Ta nuna zanen da ke kumatuna, ta ce ai mu ma da kallo ɗaya muke gane ɗan garinmu, ba ma ƙirga layukan. Haka suke ganin kalma gaba ɗayanta, in an taɓa gefe guda ta zama wata.

Har yau abin yana ci na. 'Yan uwa, abin da ba ku iya karantawa ba, kada ku gyara shi. Ni na ga zane ne, ita kuwa mijinta ta ba ni amana.